Verlene Ba Ta Tambayar Mai Shiga

A cocinmu na Beaumont, a jihar Texas ta Amurka, duk wanda ya haura saba'in ya ji yana sha'awar hawa jirgin ruwan shaƙatawa, sai ya bi ta wurin Verlene Tibbs. Ba doka ba ce, ba kuma Fasto ne ya ce a yi haka ba. Amma in ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba, ni ce shaida, don ni na ƙi ji.

Verlene gajeriya ce kakkaura, ga murya, in ta yi magana a ƙofar coci har mawaƙa a can gaba sai sun waiwayo. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana jinyar tsofaffi gida-gida, ta yi musu wanka, ta juya su a gado, ta ba su abinci a baki, sai da gwiwarta ta gaza sannan ta ajiye. Ba ta da ofis, ba kamfanin da ke ba ta ko sisi. Kayan aikinta kujera ce mai naɗewa, da laima, da tef irin na tela, da wata tsohuwar mota da sai an lallaɓa ta take tashi.

Duk Asabar ɗin da jiragen ke dawowa, takan tuƙa motar nan awa biyu zuwa Galveston, ta kafa kujerarta daidai inda fasinja ke fitowa da akwatunansu. Takardun talla masu hoton ruwa shuɗi kuwa, in an ba ta, fifita take yi da su.

"Mai shiga ango ne," in ji ta, "komai kyau yake yi masa. Mai sauka shi ya san abin da ya ci."

Ba ruwanta da matasa. Tsohuwa mai sanda take nema, ko dattijon da ake turawa a keke. Sai ta buɗe roba ta miƙa musu burodin masara da ta gasa da safe. "Sannu da hanya, baiwar Allah, ɗauki biyu. Taku nawa ne daga ɗakinki zuwa wurin cin abinci? Ƙofar banɗaki tana da dakali? Naman ya taunu? Da kika nemi likita, nawa suka yanka miki?" Kafin mutum ya haɗiye loma ta durƙusa tana auna faɗin kekensa, tana tambaya ko ya wuce ta ƙofar ɗaki ba tare da ya goge bango ba. 'Yan dakon tashar duk sun san ta, su ke gaya mata jirgin da tsofaffinsa ke saukowa suna dariya da wanda nasa ke saukowa ba sa ga maciji da juna. Sau biyu masu gadi suka kore ta a farkon lamarin. Yanzu su ke tare mata inuwa.

Ba haka kawai ta ɗora wa kanta wannan wahala ba. Shekarun baya ta tara kuɗi ta kai mahaifiyarta, Mama Ozella, irin wannan tafiya, ta zaɓi mafi araha da ta gani a jarida. Keken tsohuwar bai shiga banɗaki ba, wurin cin abinci kuma yana can ƙarshen jirgi. Kwana bakwai Mama Ozella ta yi a ɗakin da ba taga, ta dawo gida ba ta ga teku ba sai daga mota. Ba ta sake shekara ba ta rasu. Verlene ba ta son maganar, sau ɗaya ta taɓa gaya mini, muna wanke tukwanen coci, ta juya mini baya.

To, ni kuma ga mijina, Cleophus Guidry. Shekara talatin da takwas yana aikin dako a tashar jiragen ruwa, ya loda shinkafa da gari da katako a jiragen da suka je ƙasashen da ko sunansu bai iya faɗa ba, shi kuwa bai taɓa wuce bakin gaɓa ba. Kullum cewa yake in muka cika shekara hamsin da aure zai hau jirgi yana fasinja, ya zauna ya kalli wasu suna ɗaure igiya. Saura shekara biyu lokacin ya cika ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Ciwon bai kashe shi ba, kunya ce ta kusa kashe shi. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, maƙwabta huɗu suka ɗauko shi da keken suka hau da shi matakalar gida, yara suna leƙe. Tun daga ranar ya rantse ba ɗan Adam ɗin da zai sake ɗaga shi. Ya daina zuwa coci, ya daina zama a baranda, maganarsa da ta karkace ya ɓoye ta, ni kaɗai yake yi wa. Ni ke tura shi daga gado zuwa tebur, daga tebur zuwa gaban talabijin. Ina kallon ƙaton mutum yana narkewa a kujera, abin yana cin raina, wani lokacin har in shiga kicin in yi kuka in fito in yi masa faɗa a kan gishiri.

Ana haka wata takardar talla ta faɗo cikin akwatin wasiƙunmu. Sabon jirgi fil, hawa goma sha shida, kwana bakwai, tasha uku, dala ɗari huɗu ba ɗaya kowane mutum. Na buga waya, wani mai zaƙin baki ya ce saura ɗaki biyu kacal, ya ce keke ba matsala ba ne ko kaɗan. Nan take na ba da kafin alƙalami, wanda ba a mayarwa. Ban nemi Verlene ba. Na ce a raina, ni da na yi shekara ashirin da shida ina riƙe da kicin ɗin makarantar firamare, sai wata ta zaɓa mini jirgi?

Ranar Lahadi bayan sujada muna raba jan wake da shinkafa a zauren coci, na gaya wa Verlene, har da ɗan yanga.

Ta ajiye ludayi. "Wane jirgi?"

Na faɗa mata sunansa.

"Amarya! Odessa, Amarya kika saka Cleophus?" Haka take kiran sabon jirgin, don ta ce kwalliya ce kawai ba aiki. "Tabɗi. Kin san tashoshi biyu cikin ukun nan ba ya matsawa gaɓa? Can tsakiyar ruwa yake tsayawa, a kwashe mutane da ƙananan jirage suna tangaɗi. Mai keke ko ya zauna a ɗaki, ko ƙarti huɗu su cicciɓe shi."

"Mutumin ya ce ba matsala."

"Mutumin ya taɓa tura keke? Araha ba ta ado, 'yar'uwa. Kafin su gama ƙara miki na sha da na tukuici da na wannan da na wancan, ɗari huɗun nan ta haifi 'ya'ya."

Mata sun yi tsit suna saurare, ni kuma zuciya ta ɗebe ni. "Ke uwata ce? Kowa sai ya zo ya durƙusa miki kafin ya ga ruwa? Ke kika haƙa tekun?"

"Ban haƙa ba," ta ce, ta ɗauki ludayinta. "Matsa, kina tare wa mutane layi."

Mako biyu ban yi mata magana ba. Har wurin zama na canza a coci, ni da tsufana.

Asabar ta uku da sassafe na ji hon a ƙofar gida, ba ƙaƙƙautawa. Na leƙa da ɗankwalin barci a kaina, sai ga motar Verlene tana tari.

"Sa takalmi ki fito. Amaryarki na dawowa yau."

"Ba inda za ni."

"To zan yi ta danna hon har dattijon coci Dikin Broussard ya fito da gajeren wando, unguwa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba."

Na bar wa Cleophus abin karinsa a kusa da hannunsa, na roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙa shi, na fito ina ƙunƙuni. Har Galveston ban ce mata uffan ba, ita kuwa waƙoƙin coci take ta rerawa, ba ko ɗaya da ta kama muryarsa daidai.

Jirgin kam, gaskiya, kyakkyawa ne, sai da na ɗaga kai har wuyana ya yi ƙara. Mutane suka fara fitowa, matasa sun ƙone da rana suna ta shewa. Verlene ba ta ko kalle su ba. Can ta zungure ni. Wata farar tsohuwa ce ke turo mijinta, yana sanye da hular tsofaffin sojoji, ya sunkuyar da kai. Verlene ta tare su da robarta. Daga Oklahoma suke.

"Yaya tafiya, baiwar Allah? Maigida ya sauka ya ga gari?"

Matar ta dubi mijin, ta rage murya. "Sau ɗaya. Sun ɗaga shi za su saka shi a ƙaramin jirgin, ruwa na wasa da su, wandonsa ya zame a gaban mutane. Yaran ba su yi da gangan ba, sun yi ta ba da haƙuri. Amma daga nan ko abinci sai dai in kai masa ɗaki."

Dattijon bai ɗago ba. Hannunsa na kalla, babba ne irin na Cleophus, ya damƙe gefen keken. Wayyo! Na zauna a kujerar Verlene ba tare da na nemi izini ba.

Ba ta ce "ai na gaya miki" ba, kuma har gobe ina ganin girmanta a kan wannan. Ruwa ta miƙo mini, ta nuna can gefe inda wani jirgi yake, ƙarami, fentinsa ya ɗan kwana biyu.

"Ga Gwaggo can. Ba ta da wurin sulun yara, ba a kiɗa har kunne ya toshe. Ta fi Amarya tsada da kamar ɗari biyu da hamsin, amma abin da aka faɗa miki shi za ki biya. Duk tashar da za ta je, jikin gaɓa take rungumewa. Tana da ɗakuna masu faɗin ƙofa, ba dakali a banɗaki, kusa da lifta, sai dai ba su da yawa, wata takwas kafin tafiya ake kamawa. Na auna keke goma sha ɗaya da suka kwana a cikinsu."

"Kuɗin da na riga na bayar fa?"

"Sun tafi. Ki ɗauka kin biya kuɗin makaranta."

Sauran aiki shi ne Cleophus, don har lokacin ban gaya masa komai ba. Verlene ta zo gidan ranar Talata da tef a wuya, ta wuce ni kai tsaye zuwa falo.

"Ɗan'uwa Cleophus, ɗaga gwiwar hannu, awo zan yi."

Ya harare ta. A hankali, da bakin nan nasa da ya karkace, ya ce, "Akwatin gawa?"

"Kai, ina! Wa zai iya sayen katakon da zai ɗauke ka? Jirgi za ka hau."

Ya juyo ya dube ni, na dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Ba mai ɗaga ni."

"Wa zai iya? Kai da ka cinye rabin tarwaɗar Texas."

"Verlene." Bai yi dariya ba. "Ba mai ɗaga ni."

Sai ta daina wasa. Ta dafa tebur ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo har idonta ya yi daidai da nasa. "Na yi maka alkawari a gaban matarka, daga ƙofar gidan nan har ka dawo, ba hannun da zai ɗaga ka. In aka ɗaga ka, kada ka sake gaishe ni."

Kafin wata takwas ɗin su cika ta tayar da mazan coci sun kafa gangara ta katako a kan matakalar gidanmu. Ta kuma sa shi atisaye a tsakar falo, yana jan keken da hannun dama da ƙafar dama, tana tsaye tana yi masa tsiya wai kunkuru ya fi shi sauri. Ni dai ina biye da shi a baya, hannuna a kan mariƙin keken, don kada ya karkace ya bugi kabad.

Mu goma sha huɗu muka tafi daga coci a watan Maris. Verlene ta biya nata da kanta, ɗaki mafi araha a can ƙasa. Komai ya zo yadda ta faɗa. Keken ya shige ɗaki da sauran wuri, wurin cin abinci taku arba'in, miyar kuɓewarsu dai ba ta kai tawa ba amma ta ciwu. Cleophus ya yini a bakin taga yana kallon ruwa. Da aka kwance igiya a Galveston ya ce yaran ba su iya naɗi ba, na ji daɗin wannan ƙorafi fiye da waƙa.

Kwana na uku da hantsi muka isa Cozumel, wani tsibiri a Meziko. Jirgi ya matsa jikin gaɓa kamar yadda aka yi alkawari. Na sa masa farar rigarsa da hular malafa, muka bi layi zuwa ƙofar fita. Da muka iso gaba sai na ga matsala. Wani jirgin ya riga mu wurin da Gwaggo ta saba tsayawa, an ba mu wani gefen, gadar saukar ta yi tsayi ta miƙe tsaye, ga matakala biyar a ƙarshenta.

Ma'aikata biyu majiya ƙarfi suka matso da fara'arsu. "Baba, kada ka damu, yanzu za mu ɗauke ka, kamar ba a yi ba."

Ɗaya har ya kai hannu. Cleophus ya buge hannun, ya dafe ƙafa a ƙasa ya fara juya keken. "Ɗaki," ya ce mini. "Mayar da ni ɗaki."

Na san in ya koma ɗakin nan ba zai sake fitowa ba, ba a jirgin kaɗai ba, har gida. Hawaye suka cika mini ido, na rasa abin yi, mutane a baya sun fara tsaki.

Sai muryar Verlene ta tsaga layin. "Ba inda za shi. Ku kuma, 'ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ku cire hannu. Ku kira mini babbanku."

Wani jami'i ya zo da farin kaki da rediyo a hannu, yana ba da haƙuri, yana cewa yaransa sun ƙware, ba su taɓa yar da kowa ba.

"Na yarda," in ji Verlene. "Amma jirgin nan yana da wata ƙofa a hawa na ƙasa, ta gefen nan, inda kuke shigo da kayan miya. Daidai take da gaɓa, ko ƙwai aka gangaro ba zai fashe ba."

Jami'in ya yi turus. "Uwa, wa ya gaya miki?"

"Wanda ya shekara tara yana tura muku kabeji ta cikinta, a Galveston."

"Ai wannan ƙofar kaya ce. Ba a bin da fasinja ta nan."

"Wannan bawan Allah da kake gani, shekara talatin da takwas ƙofar kaya yake bi. Ya fi ka sanin ta. Ka buga wa wanda za ka buga wa, muna nan, ba sauri muke ba." Ta ja mu gefe don layi ya wuce, ta harɗe hannu ta kafa masa ido.

Minti arba'in muka yi. Ya buga rediyo, aka ce a'a, ya zo ya faɗa mata, ta ce ya sake bugawa. Mutanen cocinmu, waɗanda motar yawon gari ke jira a waje, ba wanda ya motsa, har Dikin Broussard da ba ya haƙurin jiran komai. Daga ƙarshe jami'in ya dawo yana share gumi, ya ce mutum uku kawai, kuma a bi bayansa.

Lifta ta ma'aikata ta sauke mu a wani dogon lungu mai warin albasa da man inji, akwatunan kaya jibge hagu da dama. Ina tura keken ina jin yadda Cleophus ya miƙe zaune. Ya nuna wani tari da haɓa, ya ce wa jami'in, da ƙarfi, a gaban baƙo, "Wa ya jera wannan? Mai nauyi a ƙasa ake sawa." Jami'in ya ce za a gyara, ranka ya daɗe.

Ga ƙofar a buɗe, rana ta cika ta. Faffaɗan ƙarfe ne shimfiɗe daga bakin jirgi zuwa gaɓa, bai fi taku goma ba, a miƙe sumul. Can gaba leburori 'yan Meziko suna jan wata igiya mai kaurin cinya.

Na gyara tsayuwa zan tura. Keken bai motsa ba, Cleophus ya taka ƙasa da ƙafarsa.

"Saki, Odessa."

"Bari dai in haye da kai, akwai ruwa ta gefe."

"Saki."

Na ce wa hannuwana su saki, suka ƙi. Shekara biyu da wani abu suna riƙe da mariƙin nan safe da yamma, ashe ba shi kaɗai ya saba ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da ya faɗi. Verlene ta zo ta bayana, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa hannuwan biyu ta riƙe a cikin nata.

Ya ja da hannu, ya tura da ƙafa. Keken ya karkata hagu, na yi ƙara, Verlene ta matse ni. Ya gyara da kansa. Ya sake ja, ya sake, ƙarfen yana ƙara a ƙarƙashinsa, har tayoyin suka dira a kan siminti. Bai waiwayo ba. Ya nufi wurin masu igiyar nan, ya ɗaga musu hular malafarsa, ɗaya daga cikinsu ya saki aiki ya zo ya ba shi hannu.

Ina tsaye a bakin ƙofar kaya ina kuka kamar yarinya, na ce, "Verlene, ko juyowa bai yi ya neme ni ba."

"To me kike so?" ta ce, tana share nata idon da bayan hannu. "Ai abin da kika biya ke nan. Muje ki saya mini lemo, ƙishi nake ji."